Tsakanin mil da milimita: sharhi a kan jadawalin juya awon tsawo cikin Hausa

1. Abin da za mu duba

Akwai wani jadawali da kowane ɗan boko ya sani, wanda akan buga a bangon baya na littafin rubutun ƴan makaranta ko a ƙarshen kalandar aljihu, yanzu kuma ga shi ya shiga wayar hannu. A hagu ana jera mil 1, mil 2, mil 3, har zuwa goma ko ɗari. A dama ana ajiye adadin milimita da ya yi daidai da kowane. A ƙarƙashi akwai ƙa'ida guda: in kana neman milimita ka ninka mil sau 1 609 344, in kana neman mil ka raba milimita da wannan adadi. Irin wannan shafi yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin fassarawa, domin kalmominsa ba su kai goma ba. Tun da kuwa kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar littattafan lissafi cikin Hausa sai ƙaruwa za ta yi, kuma littattafan da za a ɗebo daga gare su za su zo ne ta ƙofa biyu, kowace da al'adarta ta awo da ta rubuta lambobi. Saboda haka ya kamata masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci su dubi wannan jadawali da idon basira kafin ya sami wurin zama cikin littafin manomi.

A cikin wannan maƙala muna amfani da waƙafi don raba cikakken adadi da guntunsa (25,4), da ɗan fili don raba lambobi uku-uku (1 609 344). Dalili zai zo a sashe na 5.

2. Abin da jadawalin ya faɗa daidai

Adadin da ke cikin jadawalin ba shi da kuskure. Mil na Ingila, kamar yadda dokar 1593 ta zamanin sarauniya Elizabeth ta Farko ta tsai da shi, ƙafa 5 280 ne, wato yadi 1 760. Mita kuwa Faransa ce ta haife shi: dokar 7 ga Afrilu 1795 ta kafa tsarin, aka ƙaddara mita da kashi ɗaya cikin miliyan goma na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, bisa ga awon da Delambre da Méchain suka yi tsakanin Dunkerque da Barcelona daga 1792 zuwa 1798. An yi yarjejeniyar mita a Paris a 1875, an kafa tsarin awo na duniya mai suna SI a 1960, sa'an nan tun 1983 ake ƙaddara mita da tazarar da haske ke ci cikin kashi ɗaya bisa 299 792 458 na daƙiƙa.

An ɗaure tsarin biyu wuri guda a 1959, lokacin da Amurka, Ingila, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka amince cewa yadi mita 0,9144 ne cif. Daga nan sauran lissafi ya biyo: inci milimita 25,4, ƙafa, mai inci 12, milimita 304,8, yadi, mai ƙafa 3, milimita 914,4, mil, mai yadi 1 760, milimita 1 609 344. Wannan sarƙa ita ce darasin gaskiya, domin wanda ya riƙe 25,4 da 12 da 3 da 1 760 yana iya sake gina adadin da kansa. Laifin farko na jadawalin shi ne ya ɓoye sarƙar, ya miƙa wa ɗalibi lamba bakwai ya haddace ba tare da ya san inda suka fito ba.

3. Wane mil?

Jadawalin yana magana kamar mil guda ne a duniya. Ba haka abin yake ba, ko a waje ko a cikin Hausa.

A waje, mil na teku, wanda jiragen ruwa da na sama ke aiki da shi, mita 1 852 ne tun taron Monako na 1929, wato ya ɗara na tudu da fiye da mita 242. A Suwidin da Norwe abin da suke kira «mil» kilomita 10 ne. A Amurka ma masu safiyon ƙasa sun ci gaba da amfani da tsohuwar ƙafarsu har ƙarshen 2022, kuma mil da aka gina a kanta ya fi na 1959 da wajen milimita 3,2. Ga shi nan, jadawalin da ke alfahari da kai lissafi har kan milimita bai faɗi wane mil yake nufi ba, alhali a kan milimitan ne ake samun saɓani.

Asalin kalmar daga Latin yake, inda mil na Rum yake nufin taku dubu, kowane taku ɗaga ƙafa biyu, jimla wajen mita 1 480. Daga wannan saiwa mai ma'anar dubu ne masu tsara mita suka ciro ɗafa-goshin «mili», amma da ma'anar kashi ɗaya cikin dubu, domin sun ware kalmomin Girka don ninkawa (deka, hekto, kilo) da na Latin don rabawa (desi, santi, mili). Ke nan mil da milimita ƴan gida ɗaya ne: ɗaya ya ninka, ɗaya ya raba. Mai koyon karatu da ya ga «mil» a farkon «milimita» zai ɗauka ɗan ƙaramin mil ne, ko kuwa mita dubu, kuma babu abin da ke cikin jadawalin da zai hana shi wannan zato.

Ga wanda ya yi lakkwal matsalar ta ƙaru. A Faransanci «mille» dubu ne, «mille» kuma shi ne sunan mil na Ingila, «mil» kuwa gero ne. A bakin masu Ingilishi «mil» gajarcen milimita ne ko na mililita, a masana'antun Amurka kuma kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato milimita 0,0254. Malamin yaƙi da jahilci da aka horar da Faransanci, in ya ga «mil 5» a takarda, sai ya fara tantance tsakanin tafiya, da dubu, da hatsi, da awon magani kafin ya buɗe baki.

A cikin Hausa kanta, muna ganin «mil» ta girmi zuwan Turawa. Hujjarmu ta sauti ce. Kalmomin Ingilishi masu tagwan wasali irin na sunan mil suna shigowa Hausa da «ay»: layi, taya, waya, fayil. Da daga Ingilishi kai tsaye aka aro ta, da «mayil» za mu ji, kamar «fayil». Siffar «mil» ta dace ne da ta Larabci, kuma malaman zaure sun daɗe da ita: a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta mil 48 ce. Wannan mil da zira'i ake lissafa shi, malamai kuma sun saɓa a kan yawan zira'in. Abin da ya faru, a ganinmu, shi ne mulkin Ingila ya tarar da kalmar a ƙasa ya cika ta da nasa awo. In almajiri ya ɗauki jadawalin ya juya mil 48, zai sami kilomita 77 da ƴan kai, ya zaci ya warware mas'alar fiƙihu, alhali ya auna mil na Larabawa da sandar Ingila.

4. Mita ko metir

Iyakar da ta raba ƙasar Hausa ta raba sunayen awo. A Kano da Zariya ana cewa mita, kilomita, santimita, milimita, lita. A Maraɗi, Damagaram da Tawa kunne ya fi sabawa da metir, kilometir, santimetir, milimetir, litir. Kowace siffa tana bin ƙa'idar aro ta Hausa. Ingilishin Ingila ba ya furta «r» ta ƙarshe, sai Hausa ta rufe kalmar da «a», kamar a mota. Faransanci yana ƙare kalmar da baƙaƙe biyu a jere, «t» da «r», abin da gaɓar Hausa ba ta ɗauka, sai aka cusa «i» tsakaninsu.

Wasu kan ce a zaɓi «metir» domin «mita» a rubuce ta yi kama da mita ta ƙorafi da mitar lantarki. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin «metir» ma tana karo da laƙabin da ake yi wa lauya, tun da a Faransanci furucin kalmomin biyu ɗaya ne. Jimla ce ke warware irin wannan karo, kuma ba mu taɓa jin wanda ya rikita mita goma na igiya da mitar uwar miji ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta yawan masu karatu da haɗin kan rubutu, wanda tarukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 suka yi wa hidima. «Mita» ce ke cikin mafi yawan abin da ake bugawa da Hausa, ita ce kuma gidajen rediyon waje suka baza. Don haka muka yi amfani da ita a nan. Amma a darasin farko wajibi ne «metir» ta tsaya kusa da ita, domin babba da ya zo koyon karatu yana neman ya ga a takarda abin da bakinsa ke faɗa.

Haka nan a lura da «kilo». A kasuwa nauyi ne, a tasha kuwa tazara ce. A baki ba ta da illa. A littafin lissafi ya kamata a rubuta kilogiram da kilomita cikakku.

5. Adadin da ba ya karantuwa

Jadawalin an yi shi don ido, ajin yaƙi da jahilci kuwa da baki yake aiki. A gwada karanta 1 609 344 da Hausa: miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da tara da ɗari uku da arba'in da huɗu. A tsakiyar wannan jimla akwai rami. «Dubu ɗari shida da tara» tana iya zama 609 000, tana iya zama 600 009. Hausa tana da maganin abin, wato a maimaita «dubu» a ce dubu ɗari shida da dubu tara, ko a saka «guda» a ce dubu ɗari shida da guda tara. Amma wannan ƙa'ida ce da sai an zaɓa an tsai da ita a rubuce, kuma mai fassara jadawali ba ya ko lura da ita, tun da lambobi kawai yake kwafa.

Sai batun waƙafi da ɗigo. A al'adar Faransanci 1,609 yana nufin ɗaya da ɗan guntu. A al'adar Ingilishi yana nufin dubu ɗaya da ɗari shida da tara. Abin dariya a nan shi ne dukan karatun biyu suna ba da mil guda, na farko cikin kilomita, na biyu cikin mita, ta yadda mai kuskure ba zai gane ya yi kuskure ba sai ranar da ya haɗu da wani adadi. In aka rubuta ruwan sama 25,400 a takardar da za ta ƙetare iyaka, wani zai karanta inci guda, wani zai karanta ninkinsa dubu. Babban taron awo na duniya ya yi magana a kan wannan a 1948, ya sake tabbatarwa a 2003: guntun adadi ana iya raba shi da waƙafi ko da ɗigo, amma rukunin lambobi uku-uku ba a raba su da ɗigo ko waƙafi, sai dai da fili. In Hausar Nijar da ta Nijeriya suka bi wannan, rabin rikicin ya kau, domin duk alamar da aka gani cikin adadi an san ta guntu ce.

Akwai kuma jerin kalmomi. Hausa tana sa sunan awo gaban adadi, ba ta kuma jam'inta shi: mil uku, yadi shida, kamu goma. Jam'in «yadudduka» ma ya bar awo ya koma kan tufa. Ƙa'idar SI kuwa tana sa adadi gaban alama: 5 km. Sabon mai karatu da aka koya wa bin layi daga hagu zuwa dama zai ce «biyar kilomita», abin da ba Hausa ba ne. Wasu marubuta kan juya su rubuta «km 5». Ba mu goyi bayan haka ba, domin a jikin allon hanya, da kwalin magani, da tef ɗin tela, 5 km da 10 mm zai gani. A rubuta kilomita 5 in kalma ce cikakka, a rubuta 5 km in alama ce, a kuma ware darasi guda a koya cewa alama daga baya ake fara karanta ta.

6. Daidaiton da ba shi da tushe

Babban aibin jadawalin na tunani ne. Wa ke auna tafiya da milimita? Mil awon hanya ne, kuma wanda ya ce tsakanin gari kaza da gari kaza mil uku ne, yana nufin wajen uku, da ragi ko ƙari da zai iya kai rabin mil. Jadawalin zai amsa masa da 4 828 032. Lamba bakwai ke nan, alhali rabin mil ɗin da ake shakka a kansa ya fi milimita 800 000. In ban da ta farko, sauran lambobin ado ne. Ɗalibin da aka saba masa da wannan zai fita da imani cewa yawan lambobi shi ne gaskiyar lissafi, kuma wannan imani ya fi jahilci wuyar magani.

Inda mil ya rage a bakin Hausawa, suna ne na wuri ko al'adar direba. Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, zamanin da ta koma tuƙi a hannun dama (1972) ta kuma sake kuɗi zuwa naira (1973), amma unguwar Miltara a Kano da kasuwar Mil Sha Biyu a Legas suna nan da sunansu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke kai albasa ko dabbobi kudu, abin da yake buƙata shi ne ya san mil biyar kilomita takwas ne. Kuskuren wannan ƙiyasi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da shi zai gane mil 9 kilomita 14 da rabi ne, mil 12 kuma kilomita 19 da ɗan ɗori. Mutumin da ke juya dala zuwa faran sau biyar-biyar, da jika zuwa dala ɗari biyu, da sefa zuwa naira a ka, ba juyi ne zai gagare shi ba.

7. Inda milimita ke da aiki

Abokin tafiyar milimita shi ne inci, kuma a nan ne darasin ya kamata ya zauna. Misalai huɗu sun isa.

Ruwan sama da milimita ake faɗinsa a rediyo kowace damina, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ma da shi take aiki. Milimita guda na ruwa lita guda ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, wato lita 10 000 a hekta, ko ganga 50 masu cin lita 200. Ma'aunin farkon damina da Sivakumar ya gabatar a 1988 ya ɗauki milimita 20 cikin kwana uku a jere, muddin ba a sami fari na fiye da kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo. Milimita 20 ganga dubu ce a hekta. Manomin da ya san wannan yana da abin da zai gwada da nasa awon jiƙar ƙasa kafin ya zuba iri.

A ɗakin shan magani, tef ɗin da ake zagaya damtsen yaro da shi milimita yake ƙirgawa. Bisa ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009, yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da damtsensa bai kai milimita 115 ba yana cikin tamowa mai tsanani. Uwar da ta iya karanta wannan adadi ta sami abin da ya fi duk jadawalin amfani.

A gareji, lambar da ke jikin sifana, 10 ko 13 ko 17, milimita ce, alhali bututun ruwa har yanzu da inci ake kiransa. A layin dogo, tsohuwar hanyar jirgin Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato milimita 1 067. Wadda Faransa ta shimfiɗa daga Kwatano zuwa Paraku mita guda ce. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuwa an tsara shi a kan milimita 1 435. Tsawonsa da kilomita ake faɗi, faɗinsa da milimita, kowane awo a inda ya dace da shi.

8. Awon da ɗalibi ya zo da shi

Jadawalin yana ɗaukar ɗalibi kamar kwano wofi, alhali Hausa tana da nata tsani na awo: ɗani da taƙi na tafin hannu, kamu ko zira'i daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba ta hannu biyu a miƙe wadda ake auna zurfin rijiya da ita, taku na gona da fili, zango na matafiyi. Yadi, ƙafa da inci sun shigo sun zauna. Turmin atamfa yadi shida ne, wato mita biyar da rabi saura kaɗan. Waɗannan ma'aunai sun bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma wannan bambanci shi ne mabuɗin darasi. A sa mutum biyar su auna igiya guda da kamu, a rubuta amsoshinsu a allo, sa'an nan a fito da tef. A nan ajin zai gane da kansa dalilin da ya sa duniya ta nemi sanda guda. Makarantun gwaji na harsunan ƙasa, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, an gina su ne a kan wannan ra'ayi na farawa daga abin da yaro ya sani, kuma babba ya fi yaro cancantar a yi masa haka.

9. Shawarwari

Na farko, kada a shigar da jadawalin mil zuwa milimita cikin littattafan manya. A maye gurbinsa da juyi uku: mil da kilomita, yadi da mita, inci da milimita, kowane da ƙiyasinsa na ka da kuma cikakken adadinsa.

Na biyu, duk inda «mil» ta fito a ƙamus ko jerin kalmomi, a rarrabe mil na tudu, mil na teku da mil na littattafan fiƙihu, a kuma hana gajarce milimita ko mililita zuwa «mil» a rubuce, musamman a takardun kiwon lafiya.

Na uku, a tsai da ƙa'idar karanta manyan adadi, da maimaita «dubu» ko saka «guda», a buga ta cikin jagoran malami.

Na huɗu, a bar fili tsakanin lambobi uku-uku, a zaɓi alama guda ta guntun adadi, a kuma tattauna zaɓin da takwarorinmu na jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato kafin a buga littattafai da yawa.

Na biyar, a yi bincike a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni, a tattara sunayen awon tsawo yadda tela, magini, mahaƙin rijiya da direba ke faɗinsu, da ƙimar kowane cikin santimita. Wannan aiki ne da ɗalibai kaɗan da tef da na'urar ɗaukar magana za su iya gamawa cikin rani guda, kuma a kansa ne ya kamata kwamitin kalmomi ya kafa hukuncinsa.